Kuskuren Mai Shago Ba Rabonka Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da wani ɗalibina ya faɗa mini yana murmushi, ni kuwa ta hana ni barci. Mahaifinsa manomin rani ne a fadamun Kadawa, ya aike shi Kura sayen takin zamani da maganin feshi. Kuɗin kaya naira 85,000, amma yaron shago ya danna 8,500 a na'urar POS, sifili ɗaya ya faɗi. Ɗalibin ya ga saƙon banki, ya gane, ya ɗora kaya a babur ya yi gaba. Da na tambaye shi, sai ya ce: "Malam, ai rabo ne, ban saci komai ba."

Wannan kalma ta "rabo" ita nake son mu yi wa hisabi. Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki a Kura da Bunkure da Garun Malam ya koma kan POS da tura kuɗi ta waya, daga mai sayar da iri har dillalin tumatir a Kwanar Gafan. Kuskure ya yawaita, kuma abin takaici, fatawar son zuciya ta yawaita tare da shi.

Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma sanya yardar juna sharaɗin halaccin ciniki. To ina yarda a nan? Mai shago ya yarda da 85,000, bai taɓa yarda da 8,500 ba. Ragowar bashi ce a wuyanka, ko ya sani ko bai sani ba. Kai, ko tsintuwa ce da ba a san mai ita ba, duk wanda ya karanta Risala a Islamiyya ya san sai an yi cigiyarta shekara guda. Ina ga kuɗin da ka san mai su, ka san ƙofar shagonsa?

Wasu za su ce: "Ai su ma 'yan kasuwar cutar mu suke yi, suna tsauwala farashi lokacin shuka." Ko da haka ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hani daga ha'intar wanda ya ha'ince ka. Sannan ka tambayi kanka: a kan wa asarar za ta faɗa? Sau da yawa ba a kan Alhaji mai shago ba ne. Yaron shagon ne za a zaftare wa albashi, ko a kore shi da tambarin sata, alhali kai ne ka tafi da kuɗin. Ka ci zufar talaka ɗan'uwanka, ka kuma shafa masa baƙin fenti, sannan ka kira shi rabo? Subhanallah!

Amma kada 'yan kasuwa su yi zaton sun tsira daga wannan alƙalami, domin nasu laifin ya fi yawa. Manomi zai sa kati, na'ura ta nuna ciniki bai shiga ba, alhali an cire masa kuɗi. Sai a ce ya sake biya, ya biya. Idan daga baya kuɗin farko suka faɗo asusun mai shago, sai ya yi gum da bakinsa. Manomi ya dawo, a ce masa "je ka banki", ya bar shinkafarsa ranar ban ruwa ya tafi layin banki. Wani kuma an tura masa kuɗi sau biyu bisa kuskure, ya ce sai ya "bincika", binciken da ba ya ƙarewa. Wannan ita ce ɗabi'ar da farkon Suratul Muɗaffifina ya yi wa narkon azaba: ka cika mudu idan kai za ka karɓa, ka tauye idan kai za ka bayar. Mudun yau na'ura ce, hukuncin bai canja ba.

Ya kai mai saye, neman haƙƙinka ba rashin kunya ba ne. Ka karɓi takardar da na'ura ta fitar ko da ta nuna ciniki bai shiga ba, ka adana saƙon banki, ka rubuta rana da lokaci. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware cinikin POS da ya maƙale cikin sa'o'i 72. Ka fara kai ƙorafi bankinka a rubuce. Idan suka yi biris, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC. Amma kafin duk wannan, shugaban kasuwa da limamin unguwa suna iya kashe wutar tun tana ƙarama.

Ku tuna labarin da Bukhari da Muslim suka kawo na mutumin da ya sayi fili ya tarar da tulun zinariya a ciki. Mai saye ya ce ƙasa ya saya ba zinariya ba, mai sayarwa ya ce ya sayar da fili da abin da ke cikinsa. Rigimarsu ita ce kowa yana tura wa ɗan'uwansa! Mu kuwa yau a kan sifili ɗaya muke sayar da lahirarmu.

Ɗalibin nan dai ya mayar da kuɗin washegari, Alhamdulillah, ya tarar an riga an tsare yaron shagon da tambayoyi. Duk wanda ya san akwai irin wannan a wuyansa, ya mayar tun yau, kafin ranar da ba a biya da naira sai da lada.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.