Lahiya uwar jiki: abin da halshe ke nunawa

Ba don wasa ba ne lokotoro ke cewa marar lahiya ya hiddo halshensa. In halshe ya koɗe, ya yi sumul kamar an goge shi, sau da yawa jini ne ya ƙaranta, don rashin sinadarin ƙarhe ko bitamin B12. Mata masu ciki sun hi yawan gamuwa da haka.

Hwari-hwari mai kama da kindirmo, wanda in an kankare shi wurin ke yin ja, cutar Candida ce. Ga jinjiri da sauƙi. Ga babba kuwa, takan biyo bayan yawan shan ƙwayoyin antibiyotik, irin waɗanda ƴan talla ke saidawa a tasha ba takardar lokotoro, ko ta zama alamar ciwon sukari ko sida. Sai an auna jini.

Jan goro, wanki ke hidda shi. Amma gyambon da ya wuce sati ukku bai warke ba, ko da ba ya zahi, musamman ga mai cin taba da kanwa, yana iya zama kansa. Jiƙo ba ya maganinsa. Asibiti za a kai shi tun yana ƙarami.