Najeriya: Ruwan na gurɓata tsakanin rijiya da randa

A shekarar 2021 annobar kwalara ta hallaka mutane fiye da 3,000 a Najeriya, akasarinsu a jihohin arewa. Duk lokacin da irin haka ta faru dai, hukumomi kan yi alkawarin haƙa ƙarin rijiyoyin burtsatse. Sai dai abin tambaya shi ne, ko rijiyar kaɗai za ta wadatar?

Masana kan gane gurɓatar ruwa ne ta hanyar neman wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a hanjin ɗan Adam da na dabbobi, waɗanda fitacciya a cikinsu ita ce E. coli. Galibinsu ba su da wata illa. Amma ganin su a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga cikinsa, kuma ta wannan ƙofar ce kwalara da taifod da atini ke bi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ƙwaya ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Wani binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya gano ƙwayoyin a kimanin kashi 77 cikin ɗari na ruwan da aka gwada a wurin ɗiba. Da aka gwada wanda ake sha a cikin gida kuwa, sai adadin ya haura kashi 90.

Wannan tazara ita ce ba a cika magana a kanta ba. Ruwa kan fito garau daga famfo, sannan ya bi ta jarkar ɗan ga-ruwa wadda ba a wanke ba, ya zauna a randa marar murfi, kowa na tsoma moɗa da hannunsa. A unguwanni masu cunkoso kuma, sau da yawa taku kaɗan ne tsakanin masai da rijiyar gida, da damina ƙazantar kan tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa.

A watan Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan wata doka ta kawo ƙarshen bahaya a fili nan da 2025. Jihar Jigawa ta cimma wannan buri a 2022, amma wa'adin ya wuce ba tare da ƙasar ta kai ga haka ba.

Rijiyar burtsatse dai ana iya ƙaddamar da ita a gaban jama'a, a yanka ƙyalle. Gwajin ruwa a kai a kai da sayen sinadarin kulorin kuwa ba su da wani biki, wataƙila shi ya sa ba su cika jan hankalin 'yan siyasa ba.