Neman ɓoyayyen sinadari ba aikin masu ƙoshi kaɗai ba ne

A Dogon Dutsi da Tibiri, in ɗalibi ya ce fiziks zalla zai karanta, tambaya guda ake yi masa: me za ka ci da shi? Sai a ɗora da cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, a bar wa Turawa neman abin da ido ba ya gani. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma yana tauye 'ya'yan Arewa.

Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa garken taurari na gudun da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba, Vera Rubin kuma ta ƙarfafa hujjar a shekarun 1970. Yau masana sun ƙiyasta kusan kashi 85 cikin ɗari na sinadarin sararin samaniya ɓoyayye ne, ba ya haske, sai jansa ake gani. An daɗe ana farautar ƙwayoyinsa masu nauyi da tan-tan na ruwan zinon a ƙarƙashin ƙasa, LZ a Amurka, XENONnT a Italiya, ba a kama su ba. Shi ya sa hankali ya karkata ga ƙwayoyi marasa nauyi, waɗanda ba su kai furoton ba. Na'urar DAMIC-M da ke Modane a Faransa, silikon ɗin cikinta bai wuce kilo guda ba, amma ilaktaron ɗaya-ɗaya take ƙirgawa.

Irin wannan aiki na haɗin gwiwar ƙasashe ne, kuma kaso mai yawa nasa lissafi ne da tace bayanai a kwamfuta. Yaron Matankari mai kaifin kai zai iya, in an ba shi malami da hanya.

Raina ilimin tushe ya riga ya ja mana asara. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma ilimin sarrafa shi na hannun wasu. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, fiziks ya karanta, da shi ya jagoranci binciken hasken rana a Nijar, ga sunansa a kan jami'ar Yamai. Afirka ta Kudu ma na shirin buɗe ɗakin bincike a ramin Huguenot don irin wannan farauta.

Iyaye, ku daina karya gwiwar yara. Hukumomi, ku kai malaman fiziks da kayan gwaji makarantun Arewa, ku ba ɗaliban da suka yi fice tallafin ƙaro karatu.