ZAMAN IYALI: Kafin Baƙon Ya Iso

A wannan wata za mu yi magana a kan gidan da a ke sa ran haihuwa. Mun lura, da zarar ciki ya kai wata bakwai sai gida ya kama shiri. Maigida ya fara taya rago ko akuya a kasuwa, uwargida ta zaɓi atamfar da za a yi anko, a kai wa tela ɗinki, a fara lissafin shinkafa da mai da lemon kwalba. Ba mu ƙi wannan ba, gama haihuwa abin murna ce. Amma fa duk wannan shirin ranar suna ne, suna kuwa sai an yi mako. Wa ya shirya wa makon kansa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin jariran da su ke mutuwa a watansu na fari, kusan uku cikin huɗu a makon fari su ke tafiya, da yawansu ma a ranar da aka haife su. Ta kuma ƙiyasta mata wajen 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2020 ta dalilin ciki da haihuwa. Ba don mu tsorata masu juna biyu mu ka kawo wannan ba. Yawancin haihuwa lafiya a ke yinta. Mun kawo shi ne domin magidanta su gane inda ya kamata kuɗi da hankali su fara zuwa.

Abu na fari ba a saye shi a kasuwa, shawara ce. Miji da mata su zauna tun ciki yana wata shida, su yanke inda za a haihu, da abin da za a hau a je can. Naƙuda ba ta duba agogo. Sau da yawa ta kan zo da tsakar dare, ko ana ruwa, ko maigida yana gona mai nisa, ko ya tafi cin rani. Saboda haka ya ku magidanta, ku ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarku da wanda ya ke babba a gidan, cewa in abu ya taso a kai ta asibiti, kada a jira ku. Mata nawa ne aka bari a ɗaki suna fama, ana cewa bari a kira maigida tukuna? Ku yi magana da mai mota ko mai Keke Napep na unguwarku, ku karɓi lambarsa, ku kuma nemi na biyu don ko na farin ya kashe waya. A rubuta lambobin a takarda a manna a bango, kada a bar su a cikin waya ɗaya kaɗai. A waɗansu jihohin arewa an taɓa yin shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW don ɗaukar mata masu naƙuda; ku tambaya a tasha ko akwai irinsa a garinku.

Kuɗin wannan tafiya da na asibiti a ware su dabam. Kada a haɗa su da kuɗin rago, kada a ba da su rance, kada a ce ai adashe zai fito a ƙarshen wata. Su zauna a inda uwargida ta sani, hannunta kuma zai kai.

Sa'an nan batun jini. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da su ke kashe mata, in ya yi tsanani kuwa yana iya gama aikinsa cikin awa biyu. Ba lokacin da za a fara yawo gida gida ana roƙo ba ke nan. A wurin awo a kan gwada rukunin jinin mace. Ku san shi, ku nemi mutum biyu masu lafiya cikin dangi ko matasan ikilisiya waɗanda suka yarda za su bayar in an bukata. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, jiki ya kan mayar da abinsa cikin 'yan makonni.

Kowa a gidan, har da yaron da a kan aika, ya san alamun da ba a kwana da su: jini kafin haihuwa, ciwon kai mai tsanani da duhun gani, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, ruwa ya fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ɗa ya daina motsi. Haka kuma naƙudar da ta wuce awa 12, watau rana ta fito ta faɗi a kanta. Doguwar naƙuda ita ce ta kan jawo yoyon fitsari. Wanda ya taɓa shiga sashen masu wannan ciwo a asibitin Jankwano a Jos, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda a kan yi a haihuwar fari, to, duk wannan shiri sai ya bi ta can. Akwai asibiti kusa? Hanyar tana biyuwa da damina? Ta tafi da katin awonta, ta kuma ci gaba da awo a can. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, ba sau 4 kamar dā ba. A can ne a ke ba da maganin ƙarin jini, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar da ta ke tsare uwa da ɗa daga ciwon sarƙe haƙora, wanda likitoci su ke kira tetanus.

Jakar asibiti ba ta da wuya, sai dai a haɗa ta kafin wata na tara ya kama. Ungozomar asibitinku za ta faɗa muku abin da su ke so a kawo. Ban da nasu, a sa zannuwa tsofaffi masu laushi wankakku, da audugar mata, da sabulu, da hula da safar jariri, da tocila mai batir, da katin awo a sama.

Yanzu mu shiga ɗaki. A share, a fitar da tarkace daga ƙarƙashin gado, a toshe ramukan ɓera, a ɗaura gidan sauro mai magani tun kafin haihuwa, uwa ta riƙa kwana a ciki. Kayan jariri, sababbi da na gado, a wanke su duka a shanya a rana. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: kada a sa kafur a akwatin kayan jariri. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, da a kan haifa da wani irin jini wanda ba ya jure kafur. In ya shaƙa, ko ya taɓa fatarsa, sai ƙwayoyin jininsa su farfashe, shawara ta kama shi, idanu da jiki su yi rawaya. Shawarar jariri in ta yi ƙarfi ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko naƙasa har abada. Ba a gane irin wannan yaro da ido. Saboda haka a fitar da kafur daga ɗakin gaba ɗaya. In kuwa aka ga rawaya a idon jariri, asibiti za a nufa a ranar, ba shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari ba.

Jariri yana jin sanyi fiye da babba, balle da hunturu. Amma kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga mugun abu ne. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci ya wuce. Haka hayaƙin janareta. A kai shi waje nesa da taga. Abin da ya fi ɗumama jariri shi ne jikin uwarsa: a kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Wannan dabara ce aka fara amfani da ita a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 don ceton bakwaini, da jariran da ba su kai kilo biyu da rabi ba, yau kuwa ana koyar da ita a asibitocinmu. In za a kwantar da shi, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi.

To, mun zo wurin da ya fi wuya, watau kakanni. Muna faɗi da ladabi, gama su ne za su bar gidajensu su zo su yi mana kwana arba'in suna hura wuta, suna wanki, suna raino. Gidan da ba shi da tsohuwa a lokacin jego ya san abin da ya rasa. Amma akwai al'adun da suka gada waɗanda yanzu aka gane suna da lahani, kuma ranar haihuwa ba ranar gardama ba ce. Mai jego a gajiye ta ke, ba za ta iya musu da surukarta ba. Aikin maigida ne ya zauna da mahaifiyarsa tun da wuri, ya ce, "Mama, ga abin da aka faɗa mana a asibiti, ina roƙo ki taimake mu a kai." Mafi kyau ma a tafi da ita awo sau ɗaya, ta ji daga bakin nas. Tsohuwar da aka girmama ta haka, sau da yawa ita ce ta kan zama mai tsaron dokar.

Me za a faɗa mata? Da fari, dakashi. Wannan nono na fari mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda a kan tatse a zubar wai ba shi da kyau, shi ne rigakafin jariri na fari. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Tsotson ma yana taimakon mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Daga nan har wata shida nono kaɗai, ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo, ko da bazara ce, gama yawancin nono ruwa ne. Wankan fari kuma a jinkirta shi har kwana ɗaya; a goge shi kawai a naɗe.

Na biyu, cibiya. Kada a gasa ta da tsumma ko tsingaro, kada a sa mata toka, ko gishiri, ko man goge baki, balle kashin shanu. Ta nan ƙwayoyin cuta su ke shiga. Akwai magani mai suna chlorhexidine da a ke shafa wa cibiya sau ɗaya kowace rana a makon fari. Jihar Sakkwato ce ta fara rarraba shi a 2013, daga baya ya bazu. Ku tambaye shi a wurin awo, ya kasance a cikin jaka. Amma ku ji da kyau: na cibiya ne kaɗai. An sami jariran da suka makance don an ɗauka maganin ido ne aka ɗiga musu. A ajiye shi dabam, a nuna wa duk mai raino. Wanzami kuma a ba shi haƙuri. Cire beli ba ya hana wani ciwo, sai dai ya jawo zubar jini da shigar cuta.

Na uku, wankan jego da kunun kanwa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da mata masu yawa da zuciyarsu ta kan kasa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka ɗora zargi a kan yawan kanwa, da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma, kamar hawan jini da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya kaya. A ganinmu, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, a dama kunun gyaɗa ko na tsamiya a bar kanwa. Kuɗin itacen da za a ƙone a kwana arba'in, a sayi ƙwai da wake da kifi da hanta da rabinsa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune don numfashi, a kai ta asibiti, kada a ƙara mata wuta.

Sauran aikin gida a raba shi tun yanzu. A yi niƙa, a daka yaji, a tara ruwa da makamashi. A san wanda zai kai yara makaranta. Ƙaramin da za a yi wa ƙane, a fara raba shi da gadon uwa wata biyu kafin haihuwa, don kada ya ga baƙo ne ya kore shi. Ga 'yan Zumuntar Mata kuma muna da roƙo. Barka da sabulu da turmin zane abu ne mai kyau, amma duk ku kan zo rana ɗaya, ɗaki ya cika, mai jego ta kasa runtsawa. Da za ku raba kanku, wannan ta zo Litinin ta yi wanki, waccan ta zo Laraba da tuwo, da taimakon ya fi yawa. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Duk mai son ɗaukar jariri ya wanke hannu, ko fasto ne. Mai mura ya yi barka daga waje.

Kafin a baro asibiti a tabbata an yi wa jariri rigakafin ranar haihuwa: allurar BCG ta tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna a baki. In a gida haihuwar ta zo, a kai shi da uwarsa cikin kwana ɗaya a duba su. Za a koma a mako na 6, da na 10, da na 14, sa'an nan a wata na 9. Da zarar an raɗa suna, maigida ya je ya yi rajistar haihuwa a wurin ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa; a asibitoci da yawa akwai teburinsu. Takardar da katin rigakafi a sa su a leda ɗaya, a ajiye inda gara da ruwan sama ba za su kai ba, gama ranar shiga makaranta za a neme su.