Kukan Kyanwa: Tsakanin Camfi da Lura

A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama, kyanwa, wadda mutanen yankin suka fi sani da mussa, ita ce mai gadin rumbunan gero da dawa da shagunan hatsi daga ɓarnar ɓera. Duk da wannan hidima, da zarar ta tsala kuka cikin dare, sai wasu su ce maye ne ya rikiɗa, yara kuwa su bi ta da jifa. A ganina, wannan zalunci ne da rashin lura ya haifar.

Kukan kyanwa iri-iri ne, kuma kowanne da saƙonsa. A shekarar 1944, Mildred Moelk ta ƙasar Amurka ta rarrabe sautukan kyanwa har 16. Shi "miyau" kukan 'ya'ya ne ga uwa; babbar kyanwa kuwa mutum ta fi yi wa shi, domin neman abinci ko a buɗe mata ƙofa. Gurnanin nan mai laushi kamar minshari alamar natsuwa ce, sai dai takan yi shi kuma idan tana jin ciwo. Huci da bayyana haƙora tsoro ne da gargaɗi, ma'anarsa a ja da baya. Dogon kukan dare mai kama da na jariri, wanda aka gina camfi a kansa, na barbara ne: mace na kiran muzuru, ko muzurai na faɗa a kanta.

Sanin wannan yana da amfani ga lafiya. Kyanwar da muryarta ta sauya, tana dalalar da yawu, tana kai cizo ba dalili, mai yiwuwa ta kamu da ciwon haukan kare. Yaron da ta ciza a wanke masa wurin da sabulu, a garzaya da shi asibiti.

Wani zai ce ina ruwan malamin Hausa da kyanwa? Ai wanda ya koyi tsarin sauti ya san cewa sauraro ne tushen fahimta. Malami ya sa ɗalibai su saurari mussar gidansu tsawon mako guda, su rubuta irin kukan da abin da ya biyo bayansa. Ta haka za su koyi kwaikwayon sauti da siffantawa, su kuma saba da neman hujja kafin yanke hukunci. Addini ma ya hana azabtar da ita, kamar yadda hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu ya nuna. Ashe ke nan, aikin malami ne ya karɓe dutse daga hannun yaro ya miƙa masa alƙalami.