Haƙurin uwa yana da iyaka: darasin wani fim na Indiya

Masu iya magana sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Gaskiya ne. Amma akwai haƙurin da ke riƙe gida, akwai kuma wanda ke cutar ƴaƴan gidan. Fim ɗin Indiya mai suna Secret Superstar, wanda Advait Chandan ya shirya, ya kuma fito a shekarar 2017, a kan wannan batu ya tsaya.

Insiya yarinya ce ƴar shekara 15 a birnin Baroda, cikin jihar Gujarat. Allah ya ba ta murya, uwarta Najma kuwa ta ba ta gita tun tana ƙarama. Ubanta Faruk mutum ne mai saurin hannu, abu kaɗan sai ya rufe matarsa da duka. Najma ta sayar da sarƙarta ta zinari a ɓoye, ta saya wa ɗiyar kwamfuta. Da ita Insiya ta riƙa sa waƙoƙinta a YouTube, sanye da niƙabi don kada uban ya gane ta. Sunanta na aro ya cika ƙasa, alhali a gida an tsinke tsirkiyoyin gitarta, an kuma tilasta mata jefar da kwamfutar.

Mai kallo zai zaci yarinyar ce jaruma. A'a, uwar ce. Insiya ta daɗe tana ganin Najma matsoraciya ce, domin ta ƙi sa hannu a takardun rabuwa da wata lauya ta Mumbai ta shirya. Daga baya ta ji cewa tun tana ciki, da aka gane mace ce, uban ya so a zubar da cikin, sai Najma ta gudu ta haife ta. Wannan ba ƙagen masu fim ba ne: tun 1994 Indiya ta kafa doka mai hana a duba ciki don a san namiji ne ko mace, saboda irin wannan ta'asa.

Haƙurin Najma ya ƙare a filin jirgin sama. Faruk ya sami aiki a Riyad, ya kuma yanke shawarar aurar da Insiya can ba da yardarta ba. Da kaya suka yi yawa, ya ce a zubar da gitar. Nan matar da yake yi wa gorin rashin ilmi ta tsaya a gaban jama'a, ta sa hannu a takardar, ta kama ƴaƴanta ta juya. Duk wanda ya koyi riƙon alƙalami da girmansa ya san nauyin wannan sa hannu.

Wasu za su ce fim ɗin yana koya wa ƴan mata bijire wa iyaye, yana kuma zuga matan aure su kashe aurensu. Maganarsu abin saurare ce, domin mutuwar aure ba abin biki ba ce, kuma ba kowa ya yarda ɗiya ta zama mawaƙiya ba. Zaira Wasim kanta, wadda ta fito a matsayin Insiya, ta bar sana'ar fim a 2019 saboda addininta. Sai dai ita ta zaɓa, ba duka ya kore ta ba. Uba yana da ikon hani da nasiha, amma ba shi da ikon karya hannun matarsa. Wanda ya rusa gidan Faruk, Faruk ne.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne sauƙin mafita. Insiya ta dace da wani mai haɗa kiɗa, Shakti Kumar, wanda Aamir Khan ya fito a madadinsa, shi ya haɗa ta da lauya. Mata nawa ke samun irin wannan sa'a? Indiya tana da dokar kare mata daga cin zarafin cikin gida tun 2005, amma doka ba ta amfanin macen da ba ta san da ita ba, ba ta kuma iya karanta ta ba.

Saboda haka darasin na mahukunta ne da magidanta baki ɗaya. A koya wa uwa karatu, a buɗe mata ƙofar shari'a, kada cetonta ya dogara ga sa'a. A ƙarshen fim ɗin, Insiya ta cire niƙabinta a gaban taro, ta miƙa yabon ga uwarta. Ta yi daidai.