Soyayya da Mashayin Jini: Wai Me Bella Ta Biya?

Duk wanda ya yi zamanin faifan DVD mai cin finafinai goma ko ashirin ba zai manta da tashen da fim ɗin Twilight ya yi ba. A 2008 ya fito a Amurka, kuma kafin a ce me, 'yan mata a faɗin duniya sun rabu gida biyu, wasu na Edward, wasu na Jacob. Finafinai biyar aka yi a jerin, na ƙarshe ya fito a 2012, kuɗin da suka tara a gidajen sinima kuwa ya haura dala biliyan 3. Su dai 'yan kallo musunsu bai wuce wa ya fi wani kyau tsakanin Robert Pattinson da Taylor Lautner ba.

To amma akwai wani rukuni da ba a cika jin muryarsa ba, wato masu karatu. Irin yarinyar nan da ta taso da littattafan soyayya na haya, ta gangaro zuwa na Turanci, wadda ba ta yarda ta kalli fim sai ta fara karanta littafin da aka ciro shi daga ciki. Ita ba ruwanta da wa ya fi kyau. In aka kawo mata labarin soyayya tsakanin ɗan Adam da wata halitta, aljani ne ko fatalwa ko mashayin jini, tambaya ɗaya take yi: me masoyan suka rasa kafin su samu juna? Da wannan mudu take auna kowane littafi, kuma da shi ta kayar da Twilight, duk da irin son da ta yi masa da farko.

Ga wanda bai san labarin ba, wata Ba'amurkiya mai suna Stephenie Meyer ce ta rubuta shi cikin littattafai huɗu: Twilight a 2005, New Moon a 2006, Eclipse a 2007, sai Breaking Dawn a 2008. Bella Swan, 'yar shekara 17, ta baro birnin Phoenix mai zafin rana ta koma wurin mahaifinta Charlie, shugaban 'yan sanda a Forks, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Washington da ba ya rabo da hadari da ruwan sama. A makaranta ta haɗu da Edward Cullen. A ido sa'anta ne, alhali a 1901 aka haife shi. A 1918, lokacin annobar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane, yana gab da mutuwa wani likita mai suna Carlisle ya mayar da shi bamfaya, wato halittar da ba ta tsufa, ba ta barci, kuma jini ne abincinta. Su dangin Cullen sun ɗaukar wa kansu alkawarin jinin dabbobi kawai za su riƙa sha. Matsalar ita ce, a duk mutanen da Edward ya taɓa gamuwa da su, babu wanda ƙanshin jininsa ya fi fisgarsa kamar Bella.

A nan mai karatun ta sara wa marubuciyar. Saurayin da ke son yarinya shi ne kuma babban haɗarin da ke kanta. Duk lokacin da ya matso kusa da ita sai ya yi kokawa da yunwarsa. Wannan ya sa ko riƙe hannu aka yi a littafin farko sai gaban mai karatu ya faɗi. A farkon New Moon ma an ƙara nuna da gaske ake: ranar da Bella ta cika shekara 18, takardar naɗe kyauta ta ɗan yanke mata yatsa, ɗigon jini ɗaya ya fito, sai ga Jasper, ɗan'uwan Edward, ya yo kanta kamar zaki. Wani abin da ya ƙara wa littattafan farin jini a wurin iyaye shi ne Edward ya kafe cewa babu abin da zai shiga tsakaninsu sai an ɗaura aure.

Littattafai uku cur aka kwashe ana jera wa Bella abin da za ta rasa in ta zama irinsu. Za ta rabu da uwa da uba, don ba za su san sirrin ba. Ba za ta taɓa haihuwa ba. Wannan ne ma baƙin cikin da ke cin Rosalie, 'yar'uwar Edward, har ya sa da aka kaɗa ƙuri'a a gidan ta ce ita ba ta yarda a mayar da Bella ba. An ce mata sabon bamfaya kan yi watanni ba ya cikin hayyacinsa, yana iya halaka kowa saboda ƙishin jini. Sannan za ta rasa Jacob Black, amininta ɗan ƙabilar Quileute mai rikiɗa ya koma kyarkeci, domin jinsinsa da na Edward ba sa ga-maciji. Mai karatu ta zauna tana jiran ranar da za a biya wannan bashi.

Sai Breaking Dawn ya zo ya yafe bashin kacokan. Gaskiya ne Bella ta sha wuya da cikin da ta ɗauka, har ta kai bakin kabari wajen haihuwa, wannan kam ba a musu. Amma a duba abin da ya biyo baya. Haihuwar da aka ce ba za ta yi ba, ta yi kafin a mayar da ita, ta samu 'yarta Renesmee. Haukan ƙishin jinin da aka yi ta tsorata ta da shi, tun ranar farko ta shawo kansa. Mahaifinta ya ci gaba da zuwa yana ganinta. Jacob bai tafi ko'ina ba, sai ma aka ce wai zuciyarsa ta ɗauru ga jaririyar, abin da ya sa masu karatu da yawa suka yamutsa fuska. Hatta Volturi, sarakunan bamfayu na garin Volterra a Italiya, waɗanda suka taso da runduna, surutu kawai aka yi suka juya. Mutum ɗaya aka kashe a filin, wata Irina, wadda ba ta cikin manyan taurarin labarin. Haba! Ai wannan an yi hadari ne babu ruwa.

Su kansu masu shirya fim ɗin sun ga wannan rami. Shi ya sa a Breaking Dawn kashi na biyu, wanda Bill Condon ya ba da umarni, suka ƙirƙiro ƙazamin yaƙi a kan dusar ƙanƙara, aka fille kan Carlisle, aka kashe Jasper, 'yan kallo suka riƙe baki. Can sai aka nuna ashe duk hangen Alice ne, mai ganin abin da zai faru, ba a yi komai ba. Dabara ce mai kyau ta fuskar fim, sai dai ta tona asirin littafin: sai da aka aro asarar ƙarya kafin ƙarshen ya yi armashi.

In aka ce mata ai dama labarin soyayya da daɗi yake ƙarewa, sai mai karatun ta kawo misalin Arwen a The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, Peter Jackson kuma ya mayar da shi finafinai uku daga 2001 zuwa 2003. Arwen, wadda Liv Tyler ta fito a matsayinta, 'yar jinsin Elf ce, masu kama da aljanun kirki, waɗanda tsufa ba ya kashe su. Don ta auri Aragorn, ɗan Adam, sai da ta zaɓi rayuwa mai ƙarewa. Mahaifinta Elrond ya shiga jirgin ruwa ya tafi inda ba za su sake haɗuwa ba. An yi biki, an yi sarauta ta shekara 120, amma a ratayen ƙarshen littafin Aragorn ya rasu ya bar ta, ta koma dajin Lothlórien da ya zama kufai ta ƙarasa kwanakinta ita kaɗai. Aure ya yiwu, kuma kowa ya ga abin da aka bayar.

Masoya finafinan Indiya ma sun san wannan darasi. A Nagin na 1976, macijiya mai rikiɗa, wadda Reena Roy ta fito a matsayinta, ta bi waɗanda suka harbe mata masoyi tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma ramuwar ta ci har da ita. Sai kuma Paheli na 2005, inda Shah Rukh Khan ya fito a matsayin fatalwar da ta ɗauki kamannin wani ango da ya tafi fatauci na shekara biyar, ta zauna da amaryarsa, Rani Mukerji. Daga wani labari na marubuci Vijaydan Detha aka ciro fim ɗin, kuma tun a 1973 darakta Mani Kaul ya taɓa yin sa da sunan Duvidha. A na Kaul, da mijin gaskiya ya dawo, wani makiyayi ya yaudari fatalwar ta shiga jakar fata aka ɗaure, matar ta ci gaba da zaman gidan da abin da ke ranta. A Paheli kuwa sai aka bar fatalwar ta kuɓuce ta shige jikin mijin, aka tashi da murna. To shi mijin fa, ina aka kai shi? Cutar da ta kama Breaking Dawn ita ce ta kama Paheli.

Ba sai an je Amurka ko Indiya ba. A Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin Hasan na Basra, wanda ya ɓoye rigar gashin tsuntsu ta 'yar sarkin aljanu don kada ta tashi, ya aure ta, suka haihu. Doka ɗaya ce a gidan: kada rigar ta koma hannunta. Ranar da ta samu rigar ta kwashi 'ya'yanta ta yi sama, shi kuma sai da ya ratsa ƙasashe ya sha baƙar azaba kafin ya kai tsibiran Waƙ-waƙ ya dawo da iyalinsa. Mai karatu Bahaushiya ta taso da irin waɗannan, ta kuma taso a cikin al'ummar da in aka ce aljani ya auri yarinya, ko tana da namijin dare, ba guɗa ake yi ba, malamin ruƙiyya ake nema. Saboda haka da wuya a sayar mata da labarin da aka shiga wata duniya aka fito ba ko ƙwarzane.

Akwai wani ɓangare da ya fi duk wannan damun ta, domin shi ya shafi rayuwar zahiri. Marubucin da ya saba yafe wa taurarinsa bashi, har mugun hali ma yafe musu yake yi. A littafin farko Edward yana shiga ɗakin Bella da dare ya zauna yana kallon ta tana barci, ba da saninta ba, kuma da ta ji ba ta yi wani fushin kirki ba. A Eclipse ya lalata mata mota don kada ta je wurin Jacob, ya kuma sa Alice ta tsare ta a gida, ko da yake daga baya ya sassauta. A New Moon, da ya tafi ya bar ta, shafuka huɗu a jere babu komai a cikinsu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu, wai don a nuna rayuwarta ta tsaya cik. Daga nan ta shiga tuƙa babur da ganganci, har ta yi tsalle daga kan dutse ta faɗa teku, duk don ta ji muryarsa a cikin kanta.

A cire ƙyallin fata da gudun walƙiya, me ya rage? Saurayi mai bibiyar sawun budurwa, mai zaɓar mata wanda za ta gani, da yarinyar da ta ɗauka in ba shi babu rayuwa. Babbar mace ta san wannan almara ce, ta karanta ta ajiye. 'Yar shekara 14 kuwa tana iya ɗauka haka so na gaskiya yake. Gobe in wani ya ƙwace mata waya yana bincike, ko ya hana ta zuwa gidan ƙawarta, sai ta ce ai kishi ne, kishi kuma so ne. A littafi Edward bai taɓa ɗaga mata hannu ba. A unguwa kuwa masu irin wannan hali ba su cika tsayawa a nan ba.

Kasuwar irin waɗannan littattafai ba ta mutu da Twilight ba, ƙaruwa ma ta yi. Sarah J. Maas ta fitar da A Court of Thorns and Roses a 2015, Rebecca Yarros ta biyo da Fourth Wing a 2023, inda aka haɗa soyayya da makarantar yaƙi da dodanni masu fuka-fuki. Sai dai a sani, waɗannan ba su da kunyar da Twilight ke da ita. Akwai wuraren da aka baje komai a fili, ba na ƙananan yara ba ne, kuma ya kamata yayye su san abin da ƙannensu ke saukewa a waya.

Ga marubuta da furodusoshin Kano da Kaduna da Jos masu sha'awar saka aljana a labari, ra'ayin wannan mai karatu kyauta ce da ba a biya ba. Farin mayafi da dariya mai amsa-kuwwa da ɓacewar kwamfuta ba su ne ke riƙe ɗan kallo ba. Tun kafin a ɗora biro, marubuci ya yanke dokar da ke kan aljanar: me aka hana ta, kuma me zai faru in aka karya? In an kafa dokar a faifai na ɗaya, to kada a zo na biyu a share ta don kawai a samu damar yin waƙar biki. Jarumin da ya zaɓi aljana ya rasa wani abu da ɗan kallo zai ji zafinsa, ko iyaye, ko lafiya, ko budurwarsa ta mutane da ta yi ta jiransa.

Wanda ke ganin mai karatun ta cika tsanani, abin ai mai sauƙi ne. Ya nemi Breaking Dawn kashi na biyu da The Return of the King ya kalle su a mako guda, sannan ya ƙirga abin da Bella ta bari a baya da abin da Arwen ta bari. Filin nan a buɗe yake ga 'yan ɓangaren Edward da na Jacob da ke da ja.